Darasi: waya guda, yara 78, babu kuran babu rezo

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka, barkanmu da zafi kuma, don yau Tawa ba ta raga mana ba. Ina gaida ƴan uwana malamai, mushe da madan, na cikin gari da na karkara, daga Ƙonni, Madawa, Buza, Keita, Illela, Abalak har Cintabaraden, duk inda muryar ga take kaiwa.

Yau darasin namu wata madan ce ta jawo shi, daga can wajen Buza. Ta aiko saƙo tana cewa, mushe, kullum sai ku riƙa ce mana a yi aiki da fasahar zamani cikin aji, to ni ajina na zana ne, yara 78, babu kuran, rezo ma sai na hau tudun bayan lakkol kafin in samu sanda guda, wace fasaha kuke nufi? Madan, wallahi kin yi gaskiya, kuma na ji daɗin tambayar ga. Saboda haka yau ba za ku ji na ambaci ɗakin ordinata ko projekta ba, mu bar ma masu shi. Wayar da kika aiko mini saƙon da ita, ita za mu yi ma aiki.

Amma bari in ɗan yi baya kaɗan, don matasan malamai su san abin ga ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a Nijar, daga Yamai ake shirya darussan ana watsa su zuwa azuzuwa, kuma an yi shekaru ana yi har wajen ƙarshen shekarun 1970. Wato kakannin ɗalibanmu wasu da akwatin talabijin suka koyi a, b, c. To in an yi da wancan ƙaton akwati, mu da muke da shi cikin aljihu ai ba mu da ta cewa.

To ga ƙa'idar da nake so kowa ya riƙe, in ma ita kaɗai kuka ɗauka yau ta isa: duk abin da za ka nuna ma yara gobe, ya kwana cikin wayarka yau. Kar ka kuskura ka shiga aji da niyyar wai za ka buɗe intanet gaban yara. Rezo zai ci amanarka, forfe zai ƙare, abin ya tsaya shina ta juyawa shina juyawa, kai kana kallon waya yara 78 suna kallonka, kafin ka ɗaga kai na baya sun fara dambe. Ka telesharje tun da dare ko ranar da ka shigo gari amsar albashi, ka buɗe ka gani da idonka cewa shina aiki, sannan ka sa mod abiyon, wancan mai alamar jirgin sama, ka sake buɗewa. In ya buɗe a haka to ya zama naka.

Mod abiyon ɗin nan kuma ina da dalilina na nanata shi. Wata rana na haɗa wayata da baf, wato ɗan lasifika, ina sa ma ƴan CM2, ajin ƙarshe na firamare, karatu, aji ya yi tsit, sai ga kira ya shigo, ni kuma garin in kashe sai na amsa, sai muryar uwargida ta cika aji tana tambaya wai kuɗin cefane da na bari na miya ne ko har da gawayi. Jama'a, shekarar nan har muka tafi hutu in na juya baya sai in ji wani ƙaramin shaiɗani ya ce "har da gawayi". To ku dai ku sa jirgin.

Yanzu abin da ya fi komai amfani, kuma ba ya cin ko mega guda, shi ne abin ɗaukar murya. Kusan kowace waya tana da shi, har ƙananan nan masu maɓalli da yawa suna da shi. Ka zauna da dare in gari ya yi shiru, ka ɗauki littafin karatu, ka karanta shafin gobe a hankali, ka tsaya inda akwai aya, ka ɗaga murya inda akwai tambaya, in ka yi tuntuɓe ka goge ka sake, babu mai ganinka. Da safe ka haɗa da ɗan baf na Bluetooth, irin wanda ake saidawa a kasuwa ƴan jikkuna, ko rediyon nan mai cin kart memwar da tsofaffi suke jin wa'azi da shi, shi ma ya wadatar, kuma batirinsa ya fi na waya jimiri.

Wani zai ce to mushe mene ne amfanin, ba ga ni tsaye ba, bakina ciwo yake? A'a. Ku lura da kyau, nan ne maganar take. Lokacin da kake karatu da bakinka, idonka na kan littafi, ƙafarka na gaban tablo, ba ka ganin kowa. Amma in waya ce ke karatun, kai ka samu kanka. Sai ka shiga tsakanin layuka kana duba yatsun yara. Nan za ka ga wanda yatsansa ke bin layi daidai, da wanda ke shafi na 12 alhali muna na 14, da wadda ta riƙe littafin a kife tana motsa baki don kar a gane. Ni shekara da shekaru ina koyarwa ban san yawan masu motsa baki ba sai da na fara haka, abin ya ba ni kunya ƙwarai. Dikte ma haka, ka ɗauke ta da tazarar da ta dace, kowace jimla sau biyu, kai kuma kana zagayawa kana ganin inda alƙalami ke tsayawa. Kuma muryarka ta huta, wanda duk ya yi watan huɗu cikin ajin zana ya san abin da nake nufi.

Sannan ka juya abin, ka ɗauki muryar yaran su ma. A watan 10 da an koma lakkol ka sa yaro ya karanta layi uku, ka adana da sunansa. A watan 3 ka sake ba shi layukan nan ka ɗauka. Sai ka kira shi gefe, shi kaɗai, ba gaban aji ba, ka sa masa na farko ka sa masa na biyu. Yaro bai taɓa jin muryarsa ba, zai rufe fuska shina dariya, amma zai ji da kunnensa inda ya taso da inda ya kai. In uban ya zo shina cewa zai cire shi ya tafi da shi gona ko ya tura shi bida, sa masa shi ma ya ji. Ba sai ka yi yara 78 rana guda ba, biyar yau biyar gobe lokacin rekreyasiyo.

Kamara kuma, to ita ma kyauta ce. Ga wani gwaji da nake so ƙwarai. Ku kafa sanda a filin lakkol, miƙaƙƙiya, ku ɗauki hoton inuwarta ƙarfe 8, ƙarfe 10, tsakar rana, da la'asar, daga wuri guda kuke tsayawa, yara kuma su auna tsawon da igiya su rubuta cikin kaye. Mu nan Tawa wajen digiri 15 muke arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka a farkon watan 5, da kuma wajen tsakiyar watan 8, rana tana bi ta bisa kanmu sak, inuwar sanda ta kusa ɓacewa ƙarƙashinta. Kuma ba ƙarfe 12 daidai ba, sai wajen sha biyu da rabi da ƴan mintoci, don agogonmu ya riga rana a nan. Tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara arewa. Ka ajiye hoton watan 12 ka haɗa da na watan 5, ka bar yara su yi ta gardama kafin ka ce komai. Haka za ka yi da wake cikin gwangwani, hoto guda kowace safiya har kwana goma. In ka bi ta Galmi ka ɗauko gonar albasa, in ka bi ta Malbaza ka ɗauko kamfanin siminti daga bakin hanya, ranar darasin arzikin jiha ba sai ka yi ta kwatance da hannu ba.

Na san tambayar da ke bakinku: yaya yara 78 za su ga allon da bai kai tafin hannu ba? Kar ka ɗaga waya sama gaban aji, na gaba kaɗai ke gani, na baya su taso su danne su. Raba su rukuni-rukuni, takwas ko goma. Ka rubuta tambaya a tablo tukuna, misali ina inuwa ta fi tsawo, don me. Kowane rukuni minti guda da waya a hannunka, kai ke riƙe da ita, sauran suna kwafar tambaya ko suna zane bisa ardwaz. Yaron da ya san abin da zai nema cikin hoto, minti guda ya ishe shi.

Sai mu zo kan abubuwan da ake saukewa. Akwai wata manhaja sunanta Kiwix, K, I, W, I, X, alamarta wani ɗan tsuntsu mai dogon baki, kyauta ce a Play Store. Aikinta ta ɗauko Wikipedia ta zuba cikin wayarka ka riƙa karantawa babu koneksiyon. Sai dai ku yi hattara, ta Faransanci gaba ɗayanta da hotuna gomman jiga ce, kar ka taɓa ta da forfenka. Cikin jerin ka nemi Vikidia, ita don yara aka rubuta ta, Faransancinta mai sauƙi ne kuma ba ta da nauyi sosai. Akwai Wikipedia ta Hausa ita ma. Fayilolin suna ƙarewa da zim, kuma mutum guda in ya sauke ya isa, sauran su karɓa ta Xender, manhajar nan ta tura fayil daga waya zuwa waya. Ranar CAPED, taron ƙara ma juna sani na malamai, da muke haɗuwa, maimakon a ƙare da hirar albashi kaɗai, a ware minti ashirin kowa ya buɗe Xender. Ku haɗa kuɗi ku sai kart memwar guda ta sektar, wanda zai je Tawa ko Ƙonni ya ciko ta.

Malaman CEG da lise, ku naku PhET ne, P, H, E, T. Jami'ar Kolorado ta Amurka ke yin shi tun 2002, wani masanin fizik Carl Wieman da ya ci kyautar Nobel ya kafa shi, kuma an fassara shi da Faransanci. Gwaje-gwaje ne da ake taɓawa da yatsa, kowane guda ana iya sauke shi ya buɗe babu rezo. Wanda na fi so na haɗa kewayen lantarki ne, ga pil, ga igiyar wuta, ga ampul, yaro ya ja ya haɗa fitila ta kama. In ya haɗa kan pil da gindinsa babu komai tsakani sai wuta ta tashi a allon, aji ya ɗauki ihu, daga ranar ba mai mance abin da ake ce ma kur-sirkwi. Amma don Allah in kana da pil na gaske da ɗan ampul na cocila, fara da su, hannu ya taɓa tukuna. Na lissafi kuma GeoGebra, ka zana alwatika ka ja kusurwa guda duk inda kake so, lambobi suna canzawa amma jimla tana nan 180.

Malaman CI da CP, azuzuwan farko na firamare, musamman masu ajin harsuna biyu, ku nemi African Storybook, akwai ƙananan labarai da Hausa masu hotuna. Wasu da rubutun Najeriya suke, za ku ga 'y inda mu muke sa ƴ, sai ka gyara lokacin da kake kwafewa a tablo.

Masu tambayar ChatGPT ya rubuta musu fish, wato takardar shirin darasi, ban hana ba, amma ka karanta kafin ka shiga aji. Shina iya kawo maka misali da dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa, ko ya ba ka kwanan wata na tarihi da bai inganta ba, kuma da cikakken ƙarfin hali zai faɗa. Konseye, mai zagayen duba aikin malamai, in ya zo kai zai tambaya.

Wata magana kuma mai nauyi. Hoton ɗiyan mutane da muryarsu amana ce. Kar ka ɗauki yaro shina kuskuren karatu ka sa a TikTok ko Facebook don a yi dariya, balle ƴan mata. Kafin ka fara ɗaukar murya ma ka gaya ma diraktan, a sanar da COGES, kwamitin kula da lakkol, da uwayen yara abin da kake yi da dalili. Kuma wayar da za ta shiga aji ka share ta, ka buɗe dosiye guda ka sa masa suna lakkol, don yatsa shina zamewa.

Caji kuma, ɗan pano ƙarami da pawabank sun isa waya da baf. Kar dai ka bar wayar cikin rana tana caji a watan 4, batir zai kumbura, pano a rana, waya a inuwa, igiya mai tsawo tsakani.

Madan ta Buza, ga aikinki na wannan mako: shafi guda na karatu, ki ɗauka da dare, ki sa musu da safe, ki zagaya ki ƙirga yatsu nawa ke kan layi. Ki hau tudun nan ki aiko mana da lambar. Mai kula da na'ura shina ta nuna mini agogo, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu ɗauki yadda ake lissafin makin kompozisiyo da mwayen a waya. A gaida yara.