Dainoso mai wando: lacca kan littattafan hotuna na yara ƙanana

Assalamu alaikum warahmatullah. Ana ji na daga baya? Yauwa. Iyaye, malamai, da ku masu zane da nake hangowa a gefen can, barkanku da zuwa. Maganarmu a yau kan littattafan hotuna ne da ake ba yara ƙanana labarin dainoso a ciki, wato dabbobin nan da suka rayu miliyoyin shekaru da suka wuce, yaran da ke tsakanin shekara 3 zuwa 7 haka. Abu huɗu na rubuto a takarda, in Allah ya yarda za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ba zan daɗe a kai ba, wato me ya sa yara ke mutuwar son waɗannan dabbobi. Ƙato ne, abin tsoro ne, ga haƙora, amma kuma ya riga ya mutu tuntuni ba zai turo ƙofa ya shigo ba, toh yaro yana samun daɗin tsoro ba tare da haɗari ba. Sannan ga sunaye. Yaron da bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba zai kalle ka ya ce Parasaurolophus ko tuntuɓe babu, kai kuma babba da gemunka kana ta in'ina (dariya). Wannan ne karo na farko da yaro ya san abin da babansa bai sani ba, kuma wallahi yana jin daɗin abin.

Toh na biyu, nan ne nake so ku ba ni hankalinku. Ƙirƙira a littafin yara iri biyu ce. Akwai wadda yaro ya san wasa ce, akwai wadda bai sani ba. In ka zana dainoso sanye da wando, ya rataya jaka yana tafiya makaranta, ko yana kuka wai ba zai yi wanka ba, ni ba ni da matsala da wannan ko kaɗan, a ƙara masa hula ma. Babu yaron da zai girma yana zaton dainoso ya taɓa ɗinka wando. Yaro ɗan shekara 4 ya san wasa, shi da kansa yana mayar da kwali mota. Inda matsalar take shi ne hoton da ya yi kama da gaskiya, an zana daji, an zana duwatsu, komai tsaf, sai ga mutum da mashi yana bin dainoso a guje. Wannan yaro ba shi da hanyar da zai gane ƙarya ce. Dainoso, in ka cire tsuntsaye waɗanda jikokinsu ne, sun ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, mutum irinmu kuwa burbushinsa mafi daɗewa da aka tono bai wuce shekara 300,000 da ɗoriya ba, ba su taɓa haɗa ido ba. Haka kuma hoton nan da kusan kowane littafi ke so, Tyrannosaurus, ƙaton nan mai cin nama, yana kokawa da Stegosaurus, mai faranti-faranti ɗin nan a gadon baya. Stegosaurus ya rayu wajen shekara miliyan 150 baya, Tyrannosaurus kuwa wajen miliyan 68 zuwa 66, tsakaninsu kusan miliyan 80 kenan. Ku lissafa da kanku, Tyrannosaurus ya fi kusa da mu da ke zaune a ɗakin nan fiye da kusancinsa da Stegosaurus. Na ga wani malami yana ƙirgawa da yatsu, ƙirga Malam, haka ne (dariya).

Kuma ku tuna yaron nan bai iya karatu ba. Kai kana karanta layi biyu da ke ƙasan shafi ka wuce, shi kuwa idonsa na kan hoto, gobe zai ɗauko littafin shi kaɗai ya zauna ya ƙura wa hoton ido, jibi ma haka. Hoton ne malaminsa. Shi ya sa nake cewa nauyin da ke wuyan mai zane ya fi na marubuci a irin wannan littafi, ku yi haƙuri marubuta.

Amma fa kar masu zane su ji tsoro su ce toh shikenan an ɗaure mana hannu. Su kansu masanan da hasashe suka fara, kuma bari in ba ku labarin da na fi so a duk wannan fanni. A Ingila akwai wani likita Gideon Mantell, shi ya raɗa wa wani dainoso suna Iguanodon a 1825, da farko haƙora kawai ke hannunsa, daga baya aka samu ƙarin ƙasusuwa, a cikinsu akwai wani ƙashi mai tsini kamar ƙaho. Ina za a sa shi? Ya duba ya duba, ya ɗora shi a kan hanci. A 1854 da aka buɗe gumakan dainoso a filin Crystal Palace a Landan, wanda Benjamin Waterhouse Hawkins ya sassaƙa, sai ga Iguanodon ƙato jibgege da ƙafa huɗu kamar karkanda, ga ɗan ƙahonsa a hanci. Kafin a gama aikin ma sai da manyan masana suka zauna suka ci liyafa a cikin ramin da aka yi don zuba gunkin, daren shiga sabuwar shekara, ƙarshen 1853, ku ji fa, a cikin cikin dabbar. Gumakan nan har yau suna nan a tsaye ana zuwa kallo. Sai a 1878 masu haƙar kwal a Bernissart ta ƙasar Beljiyam suka ci karo da ƙwarangwal kusan cikakku, da yawa ba ɗaya ba, aka duba hannu, ashe ƙahon nan babban yatsa ne. Babban yatsa aka ɗora wa bawan Allah a hanci shekara da shekaru (dariya). Kuma ba a nan ta tsaya ba, da aka tashi haɗa ƙasusuwan Beljiyam ɗin sai aka miƙar da shi tsaye kamar kangaru, jela a ƙasa, aka yi ta zana shi haka kusan ƙarni guda, daga baya aka gane jelar a miƙe take a sama, jikin a kwance, don in za ka tsayar da shi yadda suka yi sai ka karya jelar. Tyrannosaurus ma haka aka yi masa, duk littafin da ka ga yana tsaye ƙiƙam yana jan jela a ƙasa, tsohon zane aka kwafo. Sawun ƙafafunsu da aka samu a duwatsu wurare da yawa, da wuya ka ga alamar jan jela a tsakani.

Yanzu ku gaya mini, wane littafi ne ya fi wannan daɗi ga yaro? Shafi na farko ga ƙashi mai tsini shi kaɗai, a tambayi yaro ina kake ganin za a sa shi. Wani zai ce kai, wani zai ce jela, wani ɗan rigima zai ce haƙori ne. A juya shafi, ga babban likita shi ma ya sa a hanci. A sake juyawa, ga yatsa. Yaro zai yi dariya har ya kwanta, kuma ya koyi abin da ya fi sunan dabba, ya koyi cewa ana kallon ƙashi ne a yi hasashe, in sabon ƙashi ya fito a gyara. Yaron ma bai san karatu ake masa ba, shi a wurinsa wasa ake. Kuma a ba shi takarda da fensir, a zana masa ƙwarangwal, shi ya sa nama da fata da kansa.

Haka labarin wani dainoso mai suna Oviraptor a Mongoliya, an same shi a 1923 kwance kan ƙwai, nan take aka yanke masa hukuncin sata, aka ce ƙwan wani ya zo sha mutuwa ta riske shi. Sai a 1993 aka samu ƙwai irin waɗancan da ɗan tayi a ciki, ashe na danginsa ne, daga baya kuma aka tono 'yan uwansa zaune a kan sheƙa sun baza hannuwa sun rufe ƙwai. Shekara 70 ana kiran mai kwanci ɓarawo. Wane yaro ne bai san zafin a ce shi ya ɗauka alhali ba shi ba ne? Ga labari nan a kwance, ba sai an ƙirƙiro komai ba.

Sai batun gashin jikinsu. A 1996 wani manomi a lardin Liaoning na ƙasar Sin ya tono wani ɗan ƙaramin dainoso, Sinosauropteryx, da alamar gashi a jikinsa tun daga wuya har jela. A 2010 masana suka duba gashin da na'urar ƙara girman abu suka ga 'yan ƙwayoyin da ke riƙe launi, daga siffarsu aka gano jelarsa zobe-zobe ce, ja-ja mai ruwan ƙasa da fari-fari. Microraptor kuma fiffike huɗu gare shi, har a ƙafa, baƙi mai sheƙi. Velociraptor da finafinai suka mayar ƙato mai fatar kada, girmansa bai fi na talotalo ba sai doguwar jela, kuma a 2007 an ga gurbin gashin fiffike a ƙashin hannunsa. Toh masu zane, inda aka san launi ku bi abin da aka sani, inda ba a gano ba kuwa, kuma su ne mafiya yawa, fili naku ne, ku sa shuɗi ku sa ɗige-ɗige. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk littafi kore da toka-toka, kore da toka-toka, kamar an yi doka. Ku dubi tsuntsaye mana, ai jikokinsu ne.

Na uku... a'a, wai na ukun na faɗa? Gashi ne na uku? Toh ku ɗauka na huɗu ne wannan, kuma da sauri, naga shugaban zama yana duba agogo. Masu tashi sama irin Pteranodon da masu iyo a teku masu dogon wuya ba dainoso ba ne, 'yan zamaninsu ne kawai, a sa su a littafi amma a faɗa. Girma kuma kar a ce wa yaro mita 37, bai san mita ba, in an zana Patagotitan na Ajantina a zana ɗan yaro tsaye kusa da ƙafarsa, a rubuta cewa don awo ne. A daina maimaita dabbobi biyar ɗin nan da kowa ya haddace, ga Nigersaurus da aka tono a Gadoufaoua cikin hamadar Nijar, wani masani Paul Sereno ya ba shi suna a 1999, baki faffaɗa a miƙe, haƙora wajen 500, yana kiwo kai a ƙasa, kuma haƙoran suna zubewa suna sake fitowa cikin 'yan makonni. Yaron da ke famfara, ka ba shi wannan ka ga yadda zai riƙe littafin. Kuka kuma, ku yi gurnani in kuna karantawa, yara na so, amma ku gwada busa ma, don Parasaurolophus bututu ne a cikin dogon tukkun nan na kansa, iska na bi ta ciki.

Na'am Hajiya, bismillah. A miƙa mata abin magana.

(Tambaya daga wata uwa: Malam, ni ɗana ɗan shekara 5 da muka zo shafin da dutse ya faɗo suka mutu sai ya fashe da kuka, yanzu kullum tambayarsa ko dutsen zai dawo. In tsallake shafin ne?)

Allah sarki. A'a Hajiya, kar ki tsallake, ya riga ya gani, in kika ɓoye sai ya ɗauka abin ya fi ƙarfinki ke ma. Ki faɗa masa a taƙaice yadda aka yi. Dutse ne daga sararin samaniya, faɗinsa wajen kilomita 10, ya faɗo a yankin Yucatan na Meziko, ramin yana nan a binne ana kiransa Chicxulub. Ƙura da hayaƙi suka tare rana, tsirrai suka mutu, masu cin ganye suka rasa abinci, masu cin su ma suka rasa. Amma laifin yawancin littattafan shi ne a nan suke rufewa, wuta, duhu, bango. Alhali labarin bai ƙare a nan ba, kadoji sun tsira, kunkuru sun tsira, 'yan ƙananan dabbobi masu shayarwa sun tsira, kuma reshe ɗaya na dainoso ɗin kansu ya tsira, su ne tsuntsaye. Ki ɗauko takarda ku zana wannan shafin da ya ɓace ku liƙa a ƙarshen littafin, shi ya zaɓi tsuntsun da za a sa.

Batun ko zai dawo kuma, ki ce masa akwai mutanen da aikinsu kenan, dare da rana suna duba sama da manyan madubai suna ƙirga irin waɗannan duwatsu, kuma babu mai wannan girman da aka sani yana nufo mu. A 2022 ma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani kumbo da gangan ya daki wani ƙaramin dutse mai suna Dimorphos, ya kuma sauya masa tafiya, gwaji ne aka yi don a ga ko za a iya. Yara maza da mata duk suna son wannan ɓangaren, a daki dutse. Sai dai ki riƙa karanta masa wannan littafin da rana, na dare ki nemo mai wandon nan da ba ya son wanka.

Akwai wani hannu a can baya? An ce lokaci ya ƙare, Malam ka same ni a waje. Na gode, wassalamu alaikum.