Haɗin Kirim da 'Ya'yan Itace na Taro: Firiji Ne Murhunsa

Assalamu alaikum, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To madalla.

Yau kayan zaƙi za mu yi wanda ba ya ganin wuta: biskit, kirim da 'ya'yan itace, a jera a kwano mai faɗi a tura firiji. Mutanen Filifins suna yin irinsa da mangwaro, suna ce masa mango float. Sauƙinsa ne ke ruɗin mutane, sai ranar taro a buɗe firiji a tarar da abu tsululu.

Mu fara da kirim. Ku nemi na bugawa, wanda kitsensa ya kai kashi 30 cikin ɗari ko fiye, a jikin kwali ake rubutawa. Wanda bai kai ba, ko hannu zai tsinke ba ya tashi. Kuma sai da sanyi. Kirim ɗin ya kwana a firiji, kwano da mabugi ma su sha sanyi, domin kitsen ne ke riƙe iskar da kuke bugawa ciki, da ya ji ɗumi sai ya sake ta. In kun ɗaga mabugi kun ga kirim ya tsaya da kansa, ku dakata. Kuka zarce, man shanu kuka kaɗa. Ni a kofi 2 na kirim rabin gwangwanin madara mai kauri da zaƙi, wato condensed milk, nake zubawa, ban ƙara sukari, don wannan madarar sama da kashi 40 cikin ɗari nata sukari ne.

To, ga inda nake so ku kasa kunne: abarba.

Ɗanyar abarba tana da wani sinadari, buromelin, mai narkar da furotin. Shi ne ke sa harshe ƙaiƙayi in an sha ta da yawa. In ta kwana cikin madara, sai ya kama cin furotin ɗin madarar, haɗin ya saki, ɗaci ya fito. Ni ma na taɓa shan wannan kunyar. Da daddare na ɗanɗana, daɗi har kunne. Washegari baƙi suna kai cokali ɗaya baki suna ajiyewa, ba mai cewa uffan. Gwanda ma haka take, nata sinadarin sunansa fafain, kiwi ma na cikinsu. Zafi ne maganinsa. Ku tafasa yankan abarbar na 'yan mintuna ta huce sarai, ko ku yi amfani da ta gwangwani tunda an riga an dafa ta, ko kuwa ku ajiye ɗanyar gefe, sai za a ci a barbaɗa a sama. Mangwaro ba ruwansa da wannan rigimar, shi ya sa na fi son sa. A dai zaɓi nunanne marar zare.

Kankana ku bar ta, kusan kashi 92 cikin ɗari nata ruwa ne. Sauran ma bayan an yanka a zuba a rariya su tsane. Ayaba tana baƙi, sai a ɗiga mata lemun tsami.

Jerin kuwa: biskit a ƙasa, kirim, 'ya'yan itace, a maimaita sau 3, a rufe. Awa 6 a firiji aƙalla, kwana ya fi, lokacin ne biskit ke shan danshi ya yi laushi kamar kek.

Ranar taro kada ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 awa 1 kacal. Saboda haka ƙananan kwanuka biyu sun fi babba ɗaya: a fito da guda, ɗayan yana firiji.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko za a sa jalatin don ya ƙara tsayawa. Ana sawa, amma jalatin furotin ne, ɗanyar abarba ba ta barin sa ya daskare. Kuma ku duba kwali, da yawansa daga fatar alade ake yi. Akwai agar-agar da ake samu daga ciyawar teku, shi abarba ba ta cin sa, sai dai dole a tafasa shi a ruwa ya narke kafin a haɗa.