Yadda Taru Yake Shiga Ƙarƙashin Ƙanƙara a Wurin Mutanen Selkup

Da yawa daga cikin waɗanda suka kalli wani hoton bidiyo na kamun kifi a kan daskararren kogi sun ce haɗi ne, domin sun ga mutum yana jawo dogon taru cike da kifi daga ramin da bai fi bakin bokiti ba. Tambayar da suke yi ita ce: wa ya shiga cikin ruwan ya shimfiɗa tarun? Amsar ita ce babu wanda ya shiga, kuma da wani ya shiga, da ba a sake jin labarinsa ba.

Waɗanda ke cikin bidiyon mutanen Selkup ne, wata ƙaramar al'umma a yammacin Saberiya ta ƙasar Rasha, waɗanda ƙidayar shekarar 2010 ta nuna ba su kai mutum 4,000 ba. Wasunsu suna zaune a yankin Tomsk, a bakin kogin Ob da rassansa irin su Ket da Tym, wasu kuma kakanninsu sun ƙaura arewa zuwa kogin Taz tun ƙarni na 17. A can arewa kogi yakan daskare sama da rabin shekara, sanyi kuma yakan kai maki 40 ƙasa da sifili, abin da zai sa mu ji kunyar kukan da muke yi da hunturunmu.

Masunci ba ya huda ƙanƙara a duk inda ya ga dama. A tsakiyar hunturu, ruwan da ke gangarowa daga manyan fadamu yakan cinye iskar oksijin da ke cikin kogin Ob, ga shi ƙanƙara ta rufe saman, sai kifi ya gudu zuwa wuraren da maɓuɓɓuga take shigo da sabon ruwa. Sanin waɗannan wurare gado ne, kuma can ake nufa.

Yanzu ku natsu, domin nan ne aka yi kuskuren fahimta. Da farko mutumin zai share dusar ƙanƙara, ya ɗauki wani ƙarfe mai kama da dagi, ya huda babban rami guda. Daga nan sai ya jera ƙananan ramuka a kan layi ɗaya, yana barin tazarar da ba ta kai tsawon wata doguwar sanda da yake tafe da ita ba. Zai ɗaura igiya a gindin sandar, ya zura ta cikin ramin farko. Da yake itace ba ya nutsewa, sandar takan taso ta manne da cikin ƙanƙarar, ta kwanta a miƙe. A rami na biyu, gwafa ce yake riƙe da ita, yana lalubo kan sandar, ya daidaita ta, sannan ya tura ta gaba zuwa rami na uku. Haka zai yi ta yi, tamkar mai ɗinki da allura, har sandar ta ɓulla a ramin ƙarshe tana jan igiyar a bayanta. Sai a ɗaura tarun a jikin igiyar, a jawo daga ɗaya ɓangaren, ya shimfiɗu da kansa, ɓawon itace yana ɗaga samansa, nauyin duwatsu yana jan ƙasansa. Dole a sassauta shi ya ɗan nutse, domin idan ya taɓa ƙanƙarar zai daskare a jikinta, an yi asarar taru ke nan.

A ganina, abin da ya fi burgewa shi ne ranar duba tarun. Ramin farko da na ƙarshe kaɗai ake sake buɗewa. Kafin a jawo tarun ana ɗaura masa doguwar igiya a ɗaya bakin, saboda haka yana fita igiyar tana maye gurbinsa a ƙarƙashin ƙanƙara. Idan an gama cire kifi, sai a ja igiyar ya koma mazauninsa. Wannan ɓangaren ne kawai mai ɗaukar bidiyon ya nuna muku.

Kifin da ya faɗo a kan dusar ƙanƙara kuwa, kafin a gama naɗe igiya ya sandare kamar itace. Wani za a fere shi siriri-siriri da wuƙa a ci ɗanye da gishiri, sauran kuma a loda a kan abin ja zuwa gida.