Hikkaduwa, Garin da Ke Cin Albarkacin Murjani

Masu kallo, assalamu alaikum. Yau mun nufi kudu maso yammacin tsibirin Siri Lanka, zuwa wani gari da ke bakin Tekun Indiya mai suna Hikkaduwa. Daga Kolombo kusan kilomita 100 ne, kuma jirgin ƙasan da ke zuwa can gaɓar teku yake bi, har a wasu wuraren kana leƙawa ta taga za ka ga ruwa yana dukan duwatsu dab da layin dogo.

Garin ba shi da faɗi. Babbar hanyar Kolombo zuwa birnin Galle ce ta ratsa shi, masaukan baƙi da gidajen abinci sun jeru tsakaninta da yashi. Amma abin da ya tara jama'a a nan yana ƙarƙashin ruwa ne.

Ku dubi can, inda farin kumfa yake tashi a jere, ɗan nesa da gaɓa. Murjani ne a wurin. Ido zai ce maka dutse ne, alhali ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gida mai tauri, na baya su ɗora a kan na gaba, shekara da shekaru, har abin ya zama katanga a cikin teku. Wannan katangar ita ta raba ruwan Hikkaduwa gida biyu.

Ta waje, igiyar da ta taso daga can kudancin teku tana isowa inda ruwa ya rage zurfi sai ta miƙe tsaye, ta lanƙwasa, ta fashe. Ita masu hawan igiyar ruwa suke jira tun asuba, kowa kwance a kan allonsa. Gwanaye ne ke hawa a saman murjani, domin wanda ya faɗi a nan sai ya sha yanka. Ɗan koyo kuwa sai ya gangara kudu zuwa gaɓar Narigama, inda ƙasan ruwa yashi ne, akwai kuma samarin garin da ke ba da hayar allo suna koyarwa.

Ta ciki kuma ruwan a kwance yake, wurare da yawa bai wuce ƙirji ba. Kayan aikin biyu ne kawai: gilashin da ke rufe ido da hanci, da bututun da za ka riƙe a baki, bakinsa ɗaya yana sama da ruwa. Ka kifa fuska, ka yi numfashi ta baki a hankali. Nan take za ka ga kifaye masu ratsin rawaya da baƙi suna wucewa gungu-gungu, ga wani mai launin kore da shuɗi yana gurgurar murjani da bakinsa, har kana jin ƙarar a kunnenka. Manyan kunkurun teku ma suna shigowa har inda ruwa yake iya gwiwa. Wanda bai iya iyo ba, akwai kwale-kwale mai gilashi a ƙasa, yana zaune zai ga komai.

Sai dai murjanin nan ya sha wuya. Gwamnati ta keɓe wurin tun 1979, ta mayar da shi gandun ƙasa na teku a 2002, amma a 1998 ruwan Tekun Indiya ya yi zafin da ya wuce kima. A jikin murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ke ba shi abinci da launi. In zafi ya daɗe sai murjanin ya fitar da su, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. Mafi yawan murjani mai rai da ke Hikkaduwa haka ya tafi a shekarar. Ga kwale-kwalen da ke gogarsa, ga ƙafafun baƙi. Abin da ya ɗauki shekaru yana girma, taku ɗaya kan karya shi. Don haka roƙona gare ku: in za ku tsaya, ku tsaya a kan yashi. Kada ku taɓa kunkuru, kada ku hau bayansa don ɗaukar hoto, ko da kun ga wasu suna yi.

Mutanen nan sun san ƙarfin teku. Ranar 26 ga Disamba 2004, ambaliyar tsunami ta afka wa wani jirgin ƙasa a Peraliya, arewa kaɗan da garin, fiye da mutum dubu suka rasu. In kun ga an kafa jar tuta a gaɓa, ku haƙura da wanka. In kuma ruwa ya fara jan ku ciki, kada ku yi kokawa da shi, ku yi iyo ta gefe har ku fita daga hanyarsa.

To, mu je ga abinci. Da rana shinkafa ce a tsakiyar faranti, kewaye da ƙananan kwanonin miya: ta kifi, ta wake, ta ganye, yawancinsu da madarar kwakwa. A gefe akwai pol sambol, wato gurzajjiyar kwakwa da barkono da albasa da lemun tsami. Yajinsu ba wasa, ku fara da kaɗan. Akwai kuma appa, ƙullun shinkafa da aka bari ya kwana ya tashi, kamar dai na waina, sai dai nasu da madarar kwakwa ake dama shi, gefensa siriri mai ƙaras-ƙaras, a fasa ƙwai a tsakiya. Da dare za ku ji ƙarar ƙarfe kaf-kaf-kaf daga bakin titi: mai kottu ne yake datsa gurasa da kayan lambu da ƙwai a kan faffaɗan kasko. Ƙishirwa kuwa, ku nemi thambili, kwakwar nan mai launin ruwan lemo, a sare muku kanta a gabanku.

Kifi da jatan lande daga masuntan yankin suke zuwa, shi ya sa su ne zaɓina. Game da nama, ku tambaya kafin ku ci, domin wasu gidajen abincin baƙi suna dafa naman alade. Akwai Musulmi da dama a Galle, ƙasa da kilomita 20 daga nan, da masallatai da abincin halal.

Lokacin zuwa shi ne daga Nuwamba zuwa Afrilu. Daga Mayu iskar damina take juyowa, ruwa ya gurɓace, wanka ya yi haɗari. A watannin nan masu allo sukan tattara su koma gabashin tsibirin, garin Arugam Bay, inda nasu lokacin yake farawa.