Farin tabon jikin mangwaro: a kankare ko a bari?

Hadiza: Jama'a barkanmu. Malam Nura, hoton nan da wani ya turo ya hana guruf barci, na bishiyar mangwaro mai farin tabo a jikinta, kankarewa za a yi ko feshi?

Nura: Kada a taɓa shi. Laiken ne, irin wanda ke manne a duwatsun Shere a Jos, wani toka-toka, wani ruwan ɗorawa. Ba ya tsotsar komai a jikin bishiya, wurin zama kawai ya samu. Kuma halittu biyu ne a haɗe, funfuna da gansakuka. Funfuna ce ke gina gida ta riƙe danshi, gansakuka na ciki tana haɗa abinci da hasken rana.

Sani: Aure ke nan.

Hadiza: To wa ke cefane?

Nura: Ita mai girkin ce ke kawo komai, funfuna ta karɓi rabonta.

Hadiza: Shi ke nan, mun gane maigidan.

Sani: Haba Anti Hadiza, a fodkas ma sai an taɓa mu?

Nura: Ku tsaya ku ji. A 2016 masu bincike suka gano cewa a jikin wasu nau'o'in akwai na uku, wani irin yis, a ɓoye cikin ɓawon laiken ɗin.

Sani: An yi amarya!

Hadiza: Ba tare da sanin uwargida ba. Halin dai ɗaya ne.

Sani: Amma gidan bai watse ba ai.

Hadiza: Wa ya tambayi gansakuka?

Nura: To, mu dawo. Mutumin Suwizalan da ya fara cewa biyu ne, Simon Schwendener, a 1867, manyan masana na lokacin ƙin yarda suka yi. Abin nan fa da kuke rainawa, a 2005 hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba shi sama, ya yi kusan mako biyu a fili ba iska, ya dawo da ransa. Idan rani ya yi sai ya bushe ƙamas, ya dakata da komai, ruwa na taɓa shi ya ci gaba. Har takardar litmas ta ajin kimiyya daga jikinsa ake samun rininta.

Sani: Wadda ke komawa ja? Ita ta kayar da ni a WAEC.

Nura: Amma hayaƙi na kashe yawancin nau'o'in laiken. Ba shi da saiwa, daga iska da ruwan sama yake samun komai, har da guba. Shi ya sa in ka gan shi da yawa a gonarka, alama ce iskar wurin na da kyau. Mai mangwaron nan, in bishiyarsa na bushewa, ya duba gara ko ƙarancin ruwa, domin...

Hadiza: Malam, lokaci. Mun yi alkawarin karanta saƙonni uku.

Sani: Sai mako mai zuwa. A bar amarya da uwargida su sha iska.