Sabar ta maƙale ƙarfe biyun dare, wa zai danna maɓalli?

To jama'a mu ɗora daga inda muka tsaya kafin sallah. Ɗan'uwa na can baya ya ce, sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima ta netwok, tana Legas shi yana Kano, ta daskare, SSH, hanyar da ake shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙi shiga, yaya zai yi? Malam, in dai ta cikin Linux ɗin da ya mutu, wato tsarin da ke tafiyar da sabar, kake son shiga ka tashe shi, sai dai haƙuri.

Shi ya sa a jikin allon sabar ake dasa wata 'yar kwamfuta daban, BMC, tana da ƙofar netwok ɗinta, kuma muddin wayar wuta na jone to idonta biyu ko da sabar a kashe take. Dell suna ce wa nasu iDRAC, HP kuma iLO, yaren da suka haɗu a kai shi ne IPMI, tun 1998 Intel da Dell da HP da NEC suka fito da shi. Daga kan gadonka za ka ga zafin firosesa, ka ga fankar da ta tsaya, ka kalli sikirin har BIOS, shafin farko da ke fitowa kafin Linux ya tashi, ka kashe ka kunna.

Akwai kuma wachdog, kare mai gadi kenan, shi agogo ne kawai mai ƙirga baya, sabar tana taɓa shi lokaci lokaci kamar tana cewa ina nan da rai, in ta yi shiru ƙirgen ya ƙare sai ya yi mata risit, wato ya sake tayar da ita, ba ya neman izinin kowa. A 1997 na'urar Pathfinder da NASA ta sauke a duniyar Mars ta yi ta risit ɗin kanta ta irin wannan hanya, har injiniyoyi suka gano matsalar suka aika gyara daga nan ƙasa. Can dai ai ba maigadin da za ka kira.

Amma dan Allah kar ka buɗe IPMI a intanet tsirara. A da, Supermicro masu ƙera sabar sun daɗe suna fitowa da ADMIN a suna, ADMIN a kalmar sirri, kuma duk wanda ya shiga nan ya fi rut, wato mai cikakken iko a Linux, ƙarfi.

Ni ga wautar da na tafka. A wani ofis na saita iDRAC tsaf har ina cika baki, ashe na jona shi a rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ɗaya da sabar. Ranar da NEPA ta yi wasa da wuta rautar ce ta maƙale, da sabar da mai tashinta duk suka ɓace min lokaci guda. Na kira maigadi ya zare fulogin rautar ya mayar, bawan Allah ya zare na firij. Ƙarshe dai asubar fari na hau acaɓa don aikin sakan goma. Washegari na sayo ƙaramin modem na 4G da batirinsa, layinsa daban, da soket mai kashewa daga nesa na jona rautar a kai.

Kai, miƙo min waccan 'yar kwamfutar Raspberry Pi ɗin, in nuna muku PiKVM, mai yin irin aikin BMC, don masu kwamfutar tebur da ba ta da BMC.