An hana kodin, wanda ya kamu fa?

Masu sauraro, a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta shigowa da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma kullum cikin kama tramol take. Madalla. To, yaron da jikinsa ya riga ya kamu fa, me aka tanadar masa?

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya gano kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan tramol da kodin da danginsu ba da umarnin likita ba. Uban da ke sayar da kayan miya a kasuwar Farin Gada da ke Jos, ina ya ga kuɗin kwantar da ɗansa a asibiti wata da watanni? Sai ya nufi gidan mari. Ba mu manta da Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, inda aka ceto ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa.

Wanda ya yi sa'ar samun gado kuma, da zarar zawo da amai da ciwon gaɓoɓi na daina shan ƙwayar sun lafa, sai a sallame shi, wai ya warke. Bai warke ba! Lokacin ne ma ya fi shiga hatsari. Jikinsa ya daina jure yawan da ya saba sha, ya koma majalisarsa a Gangare, ya haɗiye irin adadin da yake sha a baya, numfashi ya ɗauke. Wa ya neme shi bayan sallama? Wa ya tambayi dalilin da bai dawo ganin likita ba? Babu.

Magani kuwa akwai. Methadone da buprenorphine, magungunan da ake ba wanda ya kamu da irin waɗannan ƙwayoyi, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005, ana shan su kullum a ƙarƙashin kulawar likita, wani har shekaru. Masu cewa musanya ƙwaya da ƙwaya ne kawai, su je su faɗa wa mai hawan jini ya yar da nasa.

Bai warke ba, jama'a, don ya yi sati uku a gado. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta Filato ta kawo waɗannan magunguna asibitocin unguwa a farashin talaka, ta kuma ware ma'aikacin da zai bi sawun duk wanda aka sallama har gida, musamman matan da iyalansu ke ɓoyewa saboda kunya.